Haƙorin Makkan da Inna Ba Ta Sa Ba

Shekarar da Inna ta je aikin Hajji, zaman kashe wando nake yi a gidanmu na Ƙofar Durbi. Na gama makaranta, na gama bautar ƙasa, takardun neman aiki kuwa na raba su ofis-ofis har masinjoji sun fara ɓuya in sun hango ni. Sojoji ba su daɗe da komawa bariki ba, kowa sai cewa yake farar hula sun zo, aiki na nan tafe. Ni dai ban ga ƙeyarsa ba.

Abin da ya hana ni zautuwa wata kwamfuta ce da na harhaɗa da hannuna daga kayan kwance. Akwatin daban, allon kallo daban, madabod kuma, wato babban faifan nan da kowane ƙarfe ke hawa kansa, tsoho ne tukuf, Allah kaɗai ya san ofishin da ya yi wa bauta kafin ya iso hannuna. Tana rubutu lafiya lau, amma da na sa wasan tseren motoci sai ta kama ɗingishi. Mota ta tsaya cak, ta yi tsalle, kafin in farga ina cikin bango. Abin da ta rasa katin hoto ne, wani ɗan faifai mai fanka a jikinsa da ake cusawa a wani dogon rami a kan madabod, shi ke ɗaukar nauyin hoton wasa. A Katsina ban san mai sayar da shi ba, a Kano kuwa in ka ji kuɗinsa sai ka nemi wurin zama.

Ana saura kwana biyu su Inna su tashi, 'yan uwa na ta kawo saƙo, wannan turare, wannan tasbaha, ni ma na yago takarda na rubuta sunan katin na miƙa mata, rabi da wasa. Inna ba ta karanta boko. Ta ninke takardar ta ƙulle a bakin mayafinta, ta ce, "To, Auta, Allah shi sa in gane shagon." Sunan kawai na rubuta. Ban rubuta irin ramin da ke kan madabod ɗina ba, don ni kaina ban san ramin iri biyu ne ba.

Ita kuwa abin da take so daga Makka kowa a gidan ya san shi. Tun muna yara take nuna mana haƙorin da za a sa wa zinari, na gefen hagu, wanda ke fitowa in ta yi murmushi. A unguwarmu Hajiyar da ta sa haƙorin Makka ba ta buƙatar yin bayani, dariya ɗaya ta wadatar. Shekaru ta yi tana tarin guzurin wannan haƙori daga cinikin ƙuli-ƙuli, ba ta taɓa bari an taɓa shi ba, ko da ciwo.

Ranar da suka sauka gidanmu ya cika maƙil. Ana rabon dabino da zamzam, mata suka zagaye ta suna tsokana don ta yi dariya su gani. Ta yi dariyar, ba komai a bakinta sai haƙoran da ta tafi da su.

"Hajiya, ina haƙorin?" in ji wata maƙwabciyarmu.

"Shina cikin jaka," in ji Inna, ta zaro wani kwali mai ƙyalli ta ɗora mini a cinya. "Ga shi nan, na Auta ne."

A nan ta ba da labari, tana jin daɗin kanta. Wani Bahaushe mazaunin Jidda ne ya raka ta shagon ya yi mata tafinta. Mai shagon ya duba takardar, ya ce abin iri biyu ne, da mai shiga tsohuwar kwamfuta da mai shiga sabuwa, wanne take so? "Na ce mashi, yo ni tun daga Katsina zan taho in sai ma ɗana tsoho? Ba ni sabon, wanda ya hi kowanne." Da aka faɗi kuɗin ta ga sai dai ɗaya, ko haƙori ko kati. Mata suka yi ta sa mini albarka, ni kuwa kunya da murna suka hana ni ɗaga kai.

Da la'asar na kwance akwatin, na yi bisimilla, na saita katin a bakin ramin na danna. Ya ƙi shiga. A cikin ramin akwai wata 'yar katanga ta roba, a gindin katin kuma akwai tsaga da ya kamata ta hau kanta. Ba su haɗu ba, tsakaninsu ya kai faɗin yatsa biyu. Na juya shi, na karkata shi, na hura ramin kamar hura zai matsar da roba. Washegari na je rumfar buga waya na kira wani mai sayar da kayan kwamfuta a Kano. Ya ce sai na sake madabod, sabon madabod kuma ba ya karɓar tsohuwar ƙwaƙwalwar kwamfutar da sauran tarkacena, komai sai sabo. Wato in sayi wata kwamfutar ke nan, ni da kuɗin wayar ma sai da na lalube aljihu biyu.

Sayar da katin bai ko zo mini a rai ba. Tsarabar Makka ce, kuma na san abin da aka fasa dominta. Kullum da safe in na durƙusa gaishe ta, kafin in rufe baki sai ta ce, "Auta, ya abin naka? Shina aiki?" In ce ana kan haɗawa. Kwana goma ina wannan amsa. Rannan ta ce ranar Juma'a in an sauko masallaci za ta shigo ɗakina ta ga haƙorinta yana aiki.

Abin da ya kai ni Ƙofar Guga ke nan, wurin wani dattijo mai gyaran rediyo da talabijin, wanda aka sani bai taɓa cewa abu ya gagare shi ba. A garinmu in abu ya ƙi shiga, sa shi ake yi ya shiga. Ƙofa a sassaƙe ta, fulogi a lanƙwasa masa ƙafa, ƙarfen wata mota a daddake shi ya hau wata. Muka gaisa, ya tambayi gida da masu gida da saukar alhazai, sannan ya sa tabarau ya leƙa ramin.

"Wannan 'yar robar ce ta hana ka sakat? Mi ke gare ta? Riƙe mani nan."

Na riƙe. Wannan ne ba na mantawa, da hannuna biyu na riƙe masa akwatin. Ya ɗora reza a kan ƙarfen dalma har ta yi zafi, ya shafe katangar a hankali, tsaf, aiki mai kyau. Katin ya zauna daram. Har na fara yi masa godiya. Ya kunna, 'yar fankar ta juya sau ɗaya ta tsaya, wani siririn hayaƙi ya taso, ƙauri ya cika shagon.

"Kai, dama da ciwonshi ya taho," in ji shi, yana goge tabarau.

Na so in kifa masa mari, amma sa'an ubana ne, kuma ba shi ya aiko a kira ni ba. Sai daga baya na karanta cewa da gangan aka yi katangar nan. Tsohon rami wutarsa ta fi ƙarfin sabon kati, robar ce ke hana su haɗuwa. Tsohon madabod kuwa ko gezau bai yi ba, ya ci gaba da ɗingishinsa.

Ranar Juma'a na ajiye katin a kwance cikin akwatin, na ɗaure murfi. Inna ta yi sallama ta shigo, rabonta da ɗakina tun ina sakandare. Ta zauna a bakin katifa, na sa mata wasan. Mota ta tashi, ta tsaya, ta yi tsalle ta daki bango.

"Haka take tahiya, tana tsattsayawa?"

Na ce haka wasan yake.

"To buɗe in gan shi wurin aikinshi."

Ba yadda zan yi, na kwance murfin. Matar da ta shekara arba'in a bakin murhu ba a ɓoye mata ƙauri. Ta sa hannu ta ɗauko katin, ta juya shi, ta ga baƙin tabon. Ta goge layin ruwan zinarin da ke gindinsa da bakin mayafinta, ta daɗe tana gogewa.

"Ni na ɓata, ko? Da tsohon na ce mashi, da ya shiga."

Na ce wallahi ba ita ba ce, ni ne ban rubuta daidai ba, ni ne na kai aka ƙona. Na faɗa sau uku. Ta gyaɗa kai irin na wadda ake lallashi, ta ce, "Rashin karatu ne, Auta. Ka yi haƙuri." Ita ke ba ni haƙuri. Ban taɓa jin na tsani kaina kamar ranar ba.

Bayan shekara uku na sami aiki. Albashin farko na ce ta shirya mu je Kano a sa mata haƙorin zinari. Ta yi dariya ta ce wanda aka sa a Kano ai na Kano ne. Na ce to zan biya mata kujera ta koma, ta ce Allah ya nufa. Kafin in tara, ƙafafunta suka ƙi, daga baya kuma ta rasu. Duk tsawon shekarun nan, in wata baƙuwa ta tambaye ta ina haƙorin Makka, ba ta taɓa ambata sunana ba. Cewa take yi ta je Jidda ta yi sayayyar rashin sani.