Tsamiya da Toka

Mahaifina ya fi shekara talatin yana jan kamyo tsakanin Kwatano da Gaya, wani lokaci ya karkata ta Kamba ya shiga Najeriya. Sauran direbobi kan dawo gida da atamfa ko rediyo. Shi kuwa abin da ke cika masa aljihu tsofaffin kuɗin ƙarfe ne waɗanda ko mai ƙosai ba za ta karɓa ba: kwabo mai huji, anini, sisi, da dalar zamanin Faransa mai kan barewa. A wani gwangwanin biskit yake tara su. In ka ɗauki ɗaya, zai gaya maka tashar da ya samo shi, har da launin rigar wanda ya ba shi.

Inna, mahaifiyata, ba ta taɓa ganin amfanin kuɗin da ba ya sayen gishiri ba, kuma ba ta ɓoye masa ba. Amma duk jajibirin Sallah, in ta gama da tasoshinta, sai ta juye gwangwanin a kan tire, ta jiƙa tsamiya, ta ɗebo toka a murhu, ta zauna tana goge su ɗaya bayan ɗaya har sai sun ɗauki ido. Tana yi tana mita. Baba zai zo ya tsaya a kanta ya ce, "Sannu da aiki." Ita kuma ba ta ɗago kai, sai ta ce, "Aikin banza." Haka na tashi na tarar, ban taɓa ganin Sallar da aka tsallake ba.

Da ya ajiye tuƙi, idanunsa suka fara rauni, zaman gida ya ishe shi. Ni a lokacin ina koyarwa a wata lakwal a cikin gari. Wata abokiyar aikina ce ta nuna mini wata dabara a portabul, wato wayar hannu: maimakon ka riƙa bin shafukan intanet ɗaya ɗaya kana duba ko an sa sabon abu, sai ka yi rajista da su sau ɗaya, duk abin da suka wallafa ya riƙa zuwa maka wuri guda. Na nemo shafuka huɗu na masu tara tsofaffin kuɗi, na haɗa. Da na je gida na yi wa Baba bayani, na ce da Faransanci flux ake rubuta sunan abin, na jero masa haruffan.

"Fulus," in ji shi. "To ai sun san abin da suke yi. Labarin kuɗɗi, dole a ce mai fulus."

Na yi ƙoƙarin gyara masa sau biyu, na haƙura. Har yau a gidanmu fulus ake cewa.

Daga nan kowace Lahadi da hantsi sai in zo mu zauna gindin mangwaro. "Uwata," yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, "mi fulus ya kawo?" Sai in buɗe in riƙa fassara masa: an tono wata tukunya cike da tsabar kuɗi a wata ƙasa, za a yi baje koli a wani birni, wani ya yi dogon bayani a kan dalilin da ya sa aka huda kwabo. Yana saurare kamar labarun duniya, yana gyaɗa kai, wani lokaci ya ƙaryata marubucin. Abin da ya fi faranta masa rai shi ne gano cewa akwai irinsa a duniya, masu yawa ma, kuma wasunsu da digiri. Ya sa na maimaita wa Inna wannan. Ta ce ai mahaukata ba su da ƙasa ɗaya.

Wata Lahadi, saura mako uku Babbar Sallah, na buɗe wani sabon rubutu na fara fassarawa ban karanta shi a zuci ba tukuna. Kan rubutun yana cewa babban kuskuren da masu tara kuɗi ke yi. Na kai tsakiyar jimla ta biyu kafin in gane inda aka dosa. Cewa yake kada a kuskura a goge tsohon kuɗi. Baƙin nan da shekaru ke shafa wa ƙarfe shi ne darajarsa, wanda aka dirje da abu mai tsami kuwa masana ba sa ko kallonsa. Inna tana zaune taku uku daga gare mu tana tsintar shinkafa.

Na ce rezo ya ɗauke, intanet ya tsaya.

Baba ya jira sai da ta tashi ta shiga madafa. Sannan ya matso da kujerarsa. "Uwata, rezo bai ɗauke ba. Karanta min."

Na karanta masa duka, ban rage ba. Gaskiya raina ya ɓaci, kuma ba da marubucin ba. Haushin tsamiya nake ji, da toka, da Inna kanta, Allah ya yafe mini. Shekara da shekaru mutum yana tara abu, ashe a gida ake kashe masa shi da hannu biyu. Na ce masa tun da mun sani yanzu, sai a gaya mata cikin lalama. In ma ba haka ba, a ɓoye sabon da ya samu. Kwanaki kaɗan kafin nan wani masunci daga Tunuga ya kawo masa wani kwabo da ya fito a cikin taru, baƙi ƙirin, ba wanda ya taɓa shi.

Ya daɗe yana juya kwabon a tafin hannunsa. "Wanga labari ya tsaya gindin iccen ga," ya ce. "Ba ki ji ba, ban ji ba."

"Baba, lalacewa fa suke yi."

"Su waɗancan masana, wa ke goge musu nasu?"

Na mayar da ido kan portabul. Ya ce, "To kin gani."

Ranar jajibiri ina tsaye ya jefa kwabon masuncin a tiren Inna da hannunsa. Ta ɗaga shi ta ce wannan kam daga kabari aka tono shi, ta ƙara toka. Sai da ta fi minti goma a kansa. Na kau da kai. Da ta gama ya yi ja kamar sabuwar tasa, ta miƙa masa tana jin kanta, ya karɓa ya ce sannu da aiki.

Sallah huɗu ta ƙara yi tare da mu. Ba ta taɓa sani ba, kuma na gode wa Allah da bakina bai yi saurin da ya saba ba.

Bayan rasuwarta ba wanda ya taɓa gwangwanin. Mun ci gaba da zaman Lahadi, amma Baba ya daina ƙaryata marubuta. Da Sallah ta biyu ta matso, ya ce in ɗauko masa. Na juye a tire. Danshin garinmu na bakin kogi bai bar su ba, duk sun dushe, wasu har sun fara baƙi. Don in sa shi dariya na ce saura kaɗan su zama irin waɗanda masana ke so.

Bai yi dariya ba. Ya shafa su da yatsu, ya ce, "Akwai tsamiya gidan ga?"

Na jiƙa tsamiya, na ɗebo toka, na zauna inda take zama. Ashe aikin yana cin yatsa, ban taɓa sani ba. Na goge kusan rabi, shi kuma yana zaune yana sauraren ƙarar tire. Can ya tashi a hankali, ya dafa bango, ya zo ya tsaya a kaina.

"Sannu da aiki," ya ce.

Na san abin da yake jira. Ban ɗago kai ba, na ce masa aikin banza.