Gaisuwar Da Ba Ta Tsallake Katanga Ba

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba na jin zai iya kwashe ranar da na gwada kunnen mahaifina.

Lokacin ina shekarar ƙarshe a jami'a, a nan Lafiya, ina karantar lafiyar al'umma. Malamata ta ba ni bincike a kan abin da ƙarar inji ke yi wa kunnen masu casar shinkafa. Na ce abin ya zo gidan sauƙi, don tun kafin a haife ni Babanmu yake aikin injin casa, a lokacin ma shi ne shugaban masu injin.

Sai dai shugabancin ya zo da tsegumi. Baba yana da amini, tela maƙwabcinmu, muna kiransa Baba Tela. Tun muna yara, kowace safiya idan ya hau keken ɗinkinsa sai ya ɗaga murya ta kan katanga ya gaishe da Baba, shi kuma yana shan kokonsa a bakin zaure ya amsa, su ɗan tsokani juna. Sai aka wayi gari tela na gaisuwa, shiru. Ya daure har ya gaji, ya daina. Unguwa ta ɗauka cewa muƙami ya kumbura wa Baba kai. Kun san maza da zurfin ciki, babu wanda ya tambayi ɗan'uwansa dalili, sai kowa ya kama kansa. Abin yana ci mini rai, domin mutumin nan shi ya ɗinka mini kayan makaranta na farko.

Ranar gwaji ma'aikata suka noƙe, wai an ce duk wanda na'ura ta kama za a sallame shi. Baba ya miƙe da muryarsa mai ƙarfi ya ce, "Ni zan fara, kowa ya gani ba a cire wa mutum kunne." Aka yi dariya. Muka shiga ɗakin ajiyar buhuna, nesa da injina, na sa masa abin sauraro a kunne, na ce duk sanda ya ji ƙara ya ɗaga hannu.

Ina dannawa yana ɗagawa, ko kuskure babu. Har na fara jin daɗi, sai na lura ba sauraro yake ba, yatsana yake kallo. Dattijo guda yana satar amsa! Na tuna malama ta ce a juya wa mutum baya, don haka na juya kujerarsa ta fuskanci bango. Na danna. Hannu bai motsa ba. Na ƙara ƙarfi, na sake ƙarawa, har ni da ke tsaye ina jiyo ƙarar tana fitowa. Ina kallon ƙeyarsa da furfurar da ta cika da ƙurar dusa. Can sai ya ce, "Uwata, kin fara ne?"

Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Ban san sanda hawaye suka zubo ba. Na zagayo gabansa na durƙusa, yana ganin fuskata ya gane. Ya ce, "Na sani, ya daɗe. Bakin mutane nake kallo. Amma kar ki gaya wa kowa, wa zai bi kurma?"

A ƙa'idar bincike sakamakon mutum amana ne, ko da ubanka ne. Haka na riƙa wucewa ta gaban shagon Baba Tela da maganin rigimarsu a bakina, ba damar in furta. Ban taɓa jin nauyin ilimi kamar a kwanakin nan ba.

Malamata ce ta haɗa mu da likitan kunne. Ya ce akwai waɗanda sai an yi musu tiyata an dasa na'ura a ciki, amma na Baba bai kai nan ba, 'yar ƙarama ta bayan kunne za ta taimaka. Da ƙyar Baba ya yarda aka sa masa. Da muka fito sai jan hula yake don ya ɓoye ta, har ta kusa rufe masa ido a cikin keke napep.

Washegari na kai masa koko, sai na ga ya ɗaga kai. Ya ce, "Ƙarar keken ɗinkin wa ke nan?" Na ce na Baba Tela. Ya ce, "Ashe har yanzu yana ɗinki da safe. Ni na ɗauka ya bar zama nan ne don kar ya gaishe ni."

Ya ajiye kokon ya fita, ni kuma ina biye. Baba Tela ya amsa sallama ciki-ciki, ƙafarsa ba ta bar keke ba. Baba ya cire hula, ya zare na'urar ya ɗora masa a tafin hannu. Ya ce, "Malam, kunne ne ya tafi. Inji ya cinye shi."

Keken ya tsaya. Baba Tela ya daɗe yana kallon abin, sannan ya miƙe ya maƙala masa da hannunsa, ya matso daf da shi ya ce, "Na yi ta gaishe ka kana shiru, har na ce ka zama babban oga." Baba ya ce, "Ni kuma ina nan kullum ina jiran muryarka." Sai ga dattawa biyu suna dariya suna share ido, ɗaya da hula, ɗaya da ƙyallen atamfar mutane.

A makon nan Baba da kansa ya tara ma'aikata ya nuna musu kunnensa, suka yi layin gwaji, suka fara toshe kunne idan za su shiga inji. Babu wanda ya daina binsa.

Na gama karatu, na manta rabin abin da na rubuta a binciken. Abin da ya zauna mini shi ne, shirun mutum ba kullum ne wulaƙanci ba, wani lokaci ciwo ne yake jin kunyar faɗa. Kafin ka yanke wa naka hukunci, taka ka je ka tambaye shi, wataƙila shi ma kai yake jira.