Alhakin Zomaye

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Na daɗe ban ce uffan ba, ga dalili.

Wata ranar Asabar cikin daminar 2006, bayan La'asar, ɗana na fari ya yanke jiki ya faɗi a rumfarsa ta kasuwar Katako. Kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. Likitoci suka ce jijiyar zuciyarsa ce ta toshe. Shekarunsa talatin da huɗu. Ya jima yana kukan zafin ƙirji, mai kemis yana ba shi maganin olsa. Daga baya aka tsinci kwalin sigari a aljihunsa.

Waɗanda suka san ni sun san aikina. Rabin rayuwata a ɗakin bincike na yi shi, tare da zomaye. Mukan sa zomo barci, mu zura siririyar roba cikin jijiyarsa ta jini, mu kankare fatar cikinta, sannan mu ɗora shi kan abinci mai kitse. Bayan watanni mu yanka mu duba. Inda muka ji wa ciwo, nan kitse yake taruwa har hanya ta tsuke. A jikin mutum ba a bukatar roba: hawan jini da hayaƙin taba su ne masu kankarar.

A zaman makoki, a gidanmu na Tudun Wada, yayana Alhaji Sabo ya dube ni a gaban jama'a ya ce, "Furofesa, alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Ka toshe jijiyar zomaye, an toshe ta ɗanka."

Na ce masa na gode da ta'aziyya.

Kafin shekara ta zagayo nawa ciwon ya zo. Ina hawa matakalar masallaci na ji kamar an aza mini bulo a ƙirji, hannun hagu ya yi nauyi, gumi ya keto. Na san ko mene ne: ciwon zuciya. Na tauna asfirin, na ce a kai ni asibiti.

Aka manna mini wayoyi a ƙirji, aka ɗebi jini, aka hana ni motsi. Likitan tsohon ɗalibina ne. Ya dubi sakamakon kitsen jinina ya ce, "Oga, wannan na gado ne. A auna duk wanda ka haifa."

Na ji tsoro, ba don kaina ba. Ɗa ɗaya ya rage mini, Nura, direban bas.

Alhamdu lillahi, na miƙe. Ina shan magani, na bar kilishi da man shanu. Na gode wa masu jinya, da maƙwabciyarmu Mama Ngozi da ta riƙa kawo mini kunu ba sukari. Shawarata: zafin ƙirji in ya zo da tafiya ko ɗaukar kaya, kada a kira shi olsa. A auna jini, a bar taba.

Ranar da aka sallame ni na roƙi Nura ya je a ɗebi jininsa. Ya sunkuyar da kai cikin ladabi ya ce, "Baba, Baba Sabo ya ce sadaka za a yi, kuma na yi. Ni ba zomonka ba ne."

Na sayi na'urar awon hawan jini, tana kan teburina.

Har yau Nura bai miƙo hannunsa ba.