Kwana Uku da Na Ɓoye Rediyo

Kafin mutumin Fanya ya zo, ni ne mai labarin duniya a layinmu na Bani Harisa, a Madina. Ƙofar shagon ɗinkina ita ce majalisa. Bayan la'asar dattawa su baje tabarma, ni ina kan keke, rediyo na gefena, in an ambaci ƙasar da ba su sani ba sai su waiwayo su dube ni. Ni ma ba saninta na yi ba, baki ne dai Allah ya ba ni. Na taɓa ajiye Angola kusa da Indiya, ba wanda ya musa.

Sai ga wannan bawan Allah. Bakano ne, ya daɗe yana fatauci a tsibirin Fanando Fo, wanda mutanenmu ke kira Fanya. Da mulkin ƙasar ya koma kisa aka kwashe 'yan Najeriya a jirgin ruwa, aka hana matarsa shiga don ita 'yar tsibirin ce. Ya bar ta da 'yarsu. Ko wasiƙa ba ya aikawa, don takarda daga waje tana iya sa a kama mutum. Duk mun san wannan.

Sifaniyanci yake ji kamar a bakinsa aka ƙera shi. Ba shi da rediyo, sai ya ari nawa, ya murɗa ya kamo wata tasha mai shaƙewa, ya manna kunne. In ya ɗago ya faɗa mana abin da ya kai sojojin Kuba Angola, da yadda aka kori shugaban Nikaraguwa. Dattawa suka juya mini ƙeya. Wani tsoho, ɗan haihuwar Madina, har cewa ya yi, "Ya sheikh, khalas, ya isa haka, bar shi ya yi mana bayani, kai ka yi ɗinkinka." A shagona! Da rediyona! Raina ya ɓaci, kuma hassada ce, ba ni da wani suna da zan ba ta.

Cikin wani azumi mai zafi, da hantsi, ina ni kaɗai, na ji a sashen Hausa an ce sojoji sun kifar da shugaban Ikwatoriyal Gini, ƙasar da tsibirin yake. Farin ciki na yi, amma ba don mutumin Fanya ba. Na cusa rediyon ƙarƙashin yadudduka. Da ya zo da la'asar na ce ya lalace, yana wurin mai gyara. Kwana uku ina saurare a ɓoye, ina tara bayani, don in zo da labarin ƙasar matarsa cikakke a gaban kowa.

Rana ta uku na gyara murya na zazzage shi tas. Dattawa suka yi ta salati. Na dubi mutumin Fanya ina jiran in ga ya ji kunya.

Bai ko motsa ba. Ya ce, "Alhaji, tun yaushe ka ji?"

Na ce, "Shekaranjiya."

Ya ce, "Shekara uku wannan magana ɗaya nake nema a rediyonka. Jiya wani ɗan umara mutumin Duwala ya koma gida, yana da ƙani mai kai kaya tsibirin a kwalekwale. Da na sani da na ba shi takarda."

Ya tashi ya karkaɗe rigarsa ya yi mana sallama. Bai sake aron rediyon ba, bai sake zama a ƙofata ba.

Washegari aka ambaci wata ƙasa, dattawa suka waiwayo suka dube ni kamar da. Na sunkuya na ci gaba da taka keke, na ce ban sani ba.