Jinin Jar Saniya

A shekarun da aka ƙaddamar da shari'a ina aikin duba shanu a bakin iyakar Jibiya. Duk garken da ya fito daga Maradi sai na leƙa bakinsa da kofatonsa kafin ya wuce kara. Lokacin kowa ya zama mai tambaya, ko allura za ka yi wa maraƙi sai an ce, "Ya halatta?"

Wata Litinin wata likitar dabbobi ta zo daga jami'a, rungume da kula cike da ƙanƙara. A ciki akwai 'yar kwalba da ba ta kai ɗan yatsa ba. Ta ce a jinin saniya akwai wasu ƙwayoyin garkuwa masu afka wa cuta tun kafin jiki ya san ta, amma ido ba ya bambance su da sauran. Ruwan kwalbar nan yana manne musu, sai su yi haske a madubin bincike. Jinin shanun da suka tsira daga ciwon huhu take nema.

Kwana biyu babu wanda ya yarda a ɗebi jinin saniyarsa. Ƙanƙara tana narkewa, ina zaryar sayo wata wajen masu sayar da ruwan sanyi.

Rana ta uku wani dattijo, falken shanu daga Maradi, ya tsaya a kanmu.

"'Yata, mi za ki yi da jinin?"

Ta durƙusa ta gaishe shi, ta yi masa bayani tiryan-tiryan. Ya wuce masallacin kara. Bayan azahar sai ga shi, yana jaye da wata jar saniya mai karyayyen ƙaho.

"Liman ya ce neman magani ba laifi. Wagga sau biyu ciwo na share mini garke, ita ko tari ba ta yi ba. Duba mini mi Allah Ya sa mata."

Ni na riƙe ƙahon, likitar ta ɗebi jinin. Kafin la'asar mutum bakwai sun kawo nasu.

Bayan damina likitar ta aiko da hoton jinin jar saniyar: ɗigo-ɗigon kore a kan baƙi. Ta rubuta cewa magani da sauran tafiya, amma yanzu ana iya ganin ƙwayoyin garkuwar. Na kai wa dattijon a kara. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce in rubuta mata yana da karsana biyu, 'ya'yan jar, in tana so.