Baba Kar-a-Share da Kusurwar Bayan Ɗakin Gwaji

Shekara talatin da ɗaya, kafin a kaɗa ƙararrawar safe, mai kula da ɗakin gwajin makarantarmu yana durƙushe a bayan ɗakin, da rariya da farin faranti. Yakan tankaɗe ruɓaɓɓen ganye a hankali har wasu 'yan ƙwari su zubo. Sirara ne, ba su kai ƙwayar shinkafa ba, fikafikansu na sama gajeru kamar an sa musu 'yar shara. Ka taɓa ɗaya ya ɗaga wutsiya kamar kunama, alhali ba ya harbi. Ba sa rayuwa sai cikin danshi da ruɓa.

Saboda su ya hana tsintsiya shiga kusurwar nan, har ɗalibai suka raɗa masa Baba Kar-a-Share. Masu shara kan wuce suna cewa, "Baba, a gaida surukai!" Ya ce, "Suna amsawa, su ma aiki suke." Ni malami ne, kuma aji goma sha tara na ɗalibaina ya durƙusar a wurin, ya nuna musu yadda ƙwarin ke cinye ƙwan tsutsar da ke ɓarna a lambu.

Bana sabon shugaba ya zagaya, ya tsaya.

"Baba, wannan jujin fa?"

"Ranka ya daɗe, gida ne. Masu gidan suna ciki."

Aka yi dariya, mu malamai har da mu. Makon da Baba ya yi ritaya aka malala siminti a kusurwar, wurin ajiye motoci. Kafin a malala, kwana biyu ya roƙa, ya kwashe buhu uku na ruɓaɓɓen ganyen ya kai gida. Mai ɗakinsa ta ce, "Malam, wasu agogon bango suke kawowa, kai shara ka kawo min?" Amma ita ta nuna masa inuwar bayan randa.

Wata huɗu yana yayyafa ruwa. Jiya na leƙa, ya miƙo min farantin. Fari tas.

Baba, kai ne ka tsare abin da ido ya raina, mu da muka san darajarsa muka yi shiru. Mun gode, ka yafe mana. Allah ya saka.

Mai karatu, in kana da tsintsiya da iko, bar kusurwa ɗaya. Baba dai gobe ma zai tankaɗe, ko da akwai wanda ya saura.