Kejin da Mama Edna Ta Bari Babu Kowa

Ranar Talata, 11 ga Fabrairu, 2025, Ubangiji ya kira Mama Edna Sambo gida, a ɗakinta da ke Kafanchan, bayan ta daɗe tana fama da shanyewar ɓarin jiki. Ni Tamar ce, maƙwabciyarta, ɗaya daga cikin waɗanda ta koya wa karatu a firamare. Na so in yi kukana in yi shiru, Mama, amma abin da na ji a zaman makokinki ya hana ni.

A ƙarƙashin rumfa na ji wasu 'yan Zumuntar Mata suna cewa gara da kika huta, wai hankalinki ya daɗe da gushewa. Har an sa maganar cikin tarihinki da za a karanta a coci ranar Asabar. Hujjarsu ɗaya ce, wasan da kike yi a waya. Ban yarda ba, kuma ba zan yarda ba.

Da ciwo ya kwantar da ke, ɗanki Jonathan ya aiko miki da babbar waya mai wasan gina gidan namun daji. Mutum ya kafa keji, ya zuba dabbobi, 'yan kallo su shigo. Da hannunki mai lafiya kika lalube dabbobin wasan kaf. Ga zaki, ga giwa, ga wasu manyan da ko sunansu ba mu iya faɗa. Sai kika kira ni ta katanga kika ce, "Tamar, waɗannan mutanen ba su san daji ba. Ina bushiya? Ina rema? Ko kurege babu!"

Daga nan kika fara gina keji bayan keji kina barin su babu kowa ciki. Na rema kika tara masa duwatsu inda hantsi ke duka, kamar yadda kika saba ganinsu suna shan rana a tsaunukan Gwantu kina yarinya. Na bushiya kika zuba busasshen ganye. Hawainiya ta sami 'yar bishiyarta. 'Yan kallon cikin wasan suna ta ficewa a fusace, ke kuwa ko a jikinki. Wasan ya yi ta roƙonki ki sa zaki, kika ƙi. Waɗanda suka zo gaishe ki suka leƙa wayar, suka ga tsohuwa tana gyara wa dabbar da ba ta nan wurin kwana, suka fita suna girgiza kai. Babu wadda ta tambaye ki dalili.

Ni na tambaya. Kika ba ni labarin ranar da bushiya ta shigo tsakar gida, jikokinki da suka san giwa a waya suka kwashe da ihu, wai mayya ce, suka jefe ta har ta mutu. Wannan abu ya ci miki rai ƙwarai. Kika ce wutar farauta ta cinye ƙananan dabbobin nan a daji, bai kamata a hana su wuri a wasa kuma ba. Sau da yawa kin sa na rubuta wa masu wasan su ƙara ƙananan dabbobi. Kina faɗa ina rubutawa, kina gyara min Turanci kamar ina aji uku. Ba su taɓa amsawa ba, ke ma ba ki daina ba.

Haka kike tun a makaranta. Yaran da suka fi kowa ƙanƙanta, waɗanda ake turewa a layin ruwa, su kike zaunarwa a gaba. Ni ce ƙaramar ajinmu, shi ya sa na sani.

Jiya na sami Jonathan na ce a goge layin nan na gushewar hankali daga tarihinki. Ya ce an riga an buga takardar. To, shi kenan. Idan aka karanta shi ranar Asabar zan miƙe a tsakiyar coci in ce ƙarya ne, ko da dattawa za su sa a fitar da ni.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Jonathan da ƙanwarsa Faustina, da jikoki, da dukan iyalin Sambo. Ubangiji ya ta'azantar da ku, ya share hawayenmu. Ke kuma Mama, Allahn da ya umarci Nuhu ya buɗe ƙofar jirgi har ga masu rarrafe, ya ji ƙanki, ya karɓe ki cikin hutunsa. Da hankalinki garau kika tafi wurinsa, ni shaida ce. Amin.